Yadda Za Ka Yi Aiki da Injiniyan Makanikal Idan Kana Gini a Abuja

Duk wanda ya taɓa kai takardun gini hukumar kula da tsarin gine-gine ta Abuja, wadda kowa ke kira Development Control, ya san ba zanen akitek kaɗai ake karɓa ba. Sai ka haɗa da na injiniyan ƙarfin gini, da na lantarki, da na makanikal, kowanne ɗauke da hatimin ƙwararre mai rajista. Na ƙarshen nan shi ne sana'ata, kuma shi ne wanda masu gini suka fi rainawa. A wurin da yawansu takarda ce kawai ta neman izini: a samu wani ya zana a kwana biyu, a buga hatimi, izini ya fito, a jefa ta a durowa. Daga nan falamba da mai sa esi su ci karensu ba babbaka a cikin ginin.

Aikinmu shi ne duk abin da ke gudana a cikin gini. Ruwan sha da na wanka, ruwan ƙazanta, ruwan sama, iska mai sanyi, hayaƙin kicin da na janareto, gas ɗin girki, ruwan kashe gobara, har da lif. Mu ne muke lissafa yawansu, mu zaɓi injin da zai tura su, mu fitar musu da hanya. Ga yadda nake ganin ya kamata mai gini ya tafiyar da lamarin, ko gidan kansa yake ginawa a Gwarimpa ko gidajen haya a Jahi.

Lokacin kiransa

Da zarar akitek ya nuna maka zanen farko ka ce ya yi, kira injiniyan makanikal. Kar ka bari injiniyan ƙarfin gini ya gama lissafin rodi da bim. Tun ran gini tun ran zane, kuma a wannan sana'a ranar ke nan.

Dalili shi ne kayanmu suna cin wuri, kuma wurin nan idan ba a ware shi a takarda ba, da guduma za a neme shi. Ɗauki bututun masai. Faɗinsa inci 4, kuma ba ya tafiya a miƙe, sai da gangara. A al'ada muna ba shi gangarar 1 cikin 40, wato ya sauka santimita biyu da rabi a kowace mita. Idan banɗakin sama yana nesa da inda bututun zai gangara ƙasa da mita 8, ya sauka santimita 20 ke nan, ga kaurin bututun kansa santimita 11. Ana neman sama da santimita 30 tsakanin dekin da silin. Idan akwai bim a hanya, ko dai a bi ta ƙarƙashinsa silin ya sauko har mai tsawo ya taɓa shi da hannu, ko falamba ya ɗauko kurfi ya huda bim ɗin. Na sha shiga gini na tarar an yanke rodin bim don bututu ya wuce, an shafe wurin da siminti. Mai gida bai sani ba, tunda fi-o-fi ya rufe komai.

Abubuwan da nake zama da akitek a kansu a wannan mataki ba su da yawa. Banɗaki ya hau kan banɗaki daga ƙasa har sama, kar a ɗora shi kan falo ko kicin ɗin wani. A ware wani ɗan rami da zai tashi daga ƙasa zuwa rufi, inda bututu duka za su bi, da ƴar ƙofa a kowane hawa don mai gyara. A san inda kan esi na waje zai zauna. A san inda tanki zai hau. Na ƙarshen nan injiniyan ƙarfin gini nake gaya wa, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce; tanki mai lita 5,000 tan 5 ne a kan rufinka, kuma dole ya shiga lissafinsa. Idan kuma ba makawa sai bututu ya ratsa bim ko dekin, shi zai nuna inda ba zai cutar ba, a sa guntun bututu mai faɗi a cikin katako kafin a zuba kankare. Ramin ya fito da kansa, ba a taɓa rodi ba.

Kafin ka ba shi aikin, nemi lambar rajistarsa ta COREN, hukumar da aka kafa tun 1970 don kula da aikin injiniya a Najeriya. Amma hatimi ba ya nuna iyawa. Ce masa ya nuna maka ginin da ya tsara wanda aka shekara biyu ko uku ana zaune a ciki, ka je ka tambayi mai kula da gidan. Shi ya san ko ruwa yana kaiwa hawan ƙarshe da ƙarfe shida na safe.

Abin da za ka gaya masa

Faɗa masa gaskiyar mutum nawa za su zauna. A zane an rubuta ɗaki huɗu, amma mu mun san gidan Bahaushe: ga ƙannen uwargida, ga ƴan aiki, ga baƙin da suka zo daga gida neman aiki suka kwana wata uku. Faɗa masa idan ana girki da itace ko gawayi a bayan gida lokacin biki. Faɗa masa idan kana son wurin alwala a ƙofar falon baƙi, domin wurin yana bukatar famfo ƙasa-ƙasa, da magudana, da tayil mara santsi. Idan kana da niyyar ƙara hawa nan gaba, ko mayar da ƙasan shaguna, yanzu ne lokacin faɗa. Wata Hajiya ta ce mini, "Injiniya, ƙasan nan ofisoshi ne kawai." Ana gama gini ta ba mai gidan abinci haya. Babu hanyar fitar da hayaƙi, babu tarkon maiƙo a magudana, sai aka liƙa wani ƙaton bututun kwano a fuskar ginin, yana nan har gobe.

Sai maganar unguwa. A Maitama, Asokoro, Garki da Wuse akwai babban bututun ƙazanta na gwamnati da ke kai wa matatar Wupa, kai dai ka nemi izinin haɗawa. Abin da injiniya zai fara aunawa a nan shi ne zurfin ramin gwamnati da ke bakin titi, don idan bututunka ya fito ƙasa da shi, sai da injin turawa. A yawancin sababbin unguwanni da na bayan gari, irin su Lugbe, kai za ka yi ramin ƙazantarka da sokawe. Haka ruwan famfo: na hukumar ruwa daga madatsar Usuma da ke wajen Ushafa yake zuwa, kuma ba ko'ina ya kai ba. Inda bai kai ba sai burtsatse. Ana so a bar tazarar mita 30 tsakanin burtsatse da sokawe, naka da na maƙwabci, abin da ƙaramin fili ba ya bayarwa cikin sauƙi. Shi ya sa nake so a tsayar da wurarensu kafin a kafa harsashi, a kuma kai ruwan ɗakin gwaji kafin a sayi na'urar tacewa. Mutane suna sayen matata ba su san me suke tacewa ba.

Lissafin ruwa

Wannan kai ma za ka iya bin sawunsa da biro. A ce bene ne mai hawa huɗu, gida takwas, kowane gida mutum shida: mutum 48. Ni ina lissafa lita 150 ga kowane mutum a rana, ya zama lita 7,200. Saboda halin wuta da lalacewar sumo, injin da ke jawo ruwa daga burtsatse, ina son ajiyar kwana biyu, wato lita 14,400. Ba duka za a ɗora a sama ba. Mafi yawa a tankin ƙasa, sai a riƙa tura na yini zuwa sama.

Inda aka fi kuskure shi ne ƙarfin ruwan. Kowace mita 10 ta tsawo tana ba da ƙarfin bar ɗaya, wato ma'aunin da muke auna ƙarfin ruwa da shi. Wanda ke hawan ƙasa, tanki yana sama da shi da mita 12 ko fiye, ruwansa kamar zai fasa tiyo. Na hawan ƙarshe kuwa tanki bai fi mita 2 ko 3 a saman shawarsa ba, ruwa sai ɗiga yake, gashi shi ne ya fi biyan kuɗin haya. Maganin ɗaya ne cikin biyu: a ɗaga tankin a kan ƙarfe, ko a sa wa hawan ƙarshe ƙaramin injin ƙara ƙarfi a layinsa shi kaɗai. Tambayi injiniyanka wanne ya zaɓa, da dalili. Tambaye shi kuma ko kowane gida da kowane banɗaki yana da makullin ruwansa, don kada a kashe wa gini duka ruwa saboda famfo ɗaya.

A ɓangaren ƙazanta abu guda zan ja hankalinka a kai: bututun numfashi. Kowane masai da kwanon wanke hannu yana da ɗan lanƙwasa da ke riƙe ruwa, ruwan nan shi ke tare wari. Idan babban bututu bai zarce rufi ya sha iska ba, duk lokacin da aka kora ruwa a sama sai ya zuƙe na lanƙwasar ƙasa. Banɗakin da aka kashe wa miliyoyi a tayil amma yake wari, sau da yawa matsalarsa ke nan, kuma ba turaren da zai magance ta. Ruwan sama kuma hanyarsa daban, kar a haɗa shi da na masai. Ruwan Agusta a Abuja zai cika maka sokawe a dare ɗaya.

Esi: a nan kuɗi ke zubewa

A kasuwa ana sayar da esi da ƙarfin doki, kuma mai shago zai ce maka ɗaki doki ɗaya, falo doki biyu. Girman ɗaki kaɗai ba ya faɗin komai. Abin da ake kira doki ɗaya yana cire zafi kimanin kilowat 2.6, wanda za ka ga an rubuta BTU 9,000 a kwali (BTU wani ma'aunin zafi ne). Doki ɗaya da rabi BTU 12,000, doki biyu 18,000. Aikin injiniya shi ne ya ƙirga zafin da ke shiga kowane ɗaki ya ga nawa za a cire.

Zafi yana shigowa ta rufi, ta bango, ta jikin mutane, ta fitilu da kwamfutoci, amma babban ɓarawon shi ne gilas. Tagar da ke kallon yamma, da la'asar a watan Maris, tana iya shigo da wat 500 a kowace murabba'in mita. Taga mai murabba'in mita 3 ta cinye fiye da rabin ƙarfin doki ɗaya ita kaɗai. Ɗaki biyu masu girma ɗaya, ɗaya a hawan ƙasa yana kallon arewa, ɗaya a ƙarƙashin kwano yana kallon yamma, ba za su sha esi iri ɗaya ba. Shi ya sa idan na ga zanen da aka lulluɓe fuskar yamma da gilas nake komawa wurin akitek. A rage tagar, ko a yi mata rumfa, ko a sa gilas mai tare zafi. Abin da aka rage a nan an rage shi a kuɗin esi, an rage a girman janareto, an rage a man da za a sha shekara ashirin. Masu gini suna son gilas don suna ganinsa a gine-ginen Turai, inda rana abin nema ce.

Mutane ma zafi ne. Mutum a zaune yana fitar da kimanin wat 120. Masallaci ko ɗakin taro mai mutum 200 ya tara kilowat 24 daga jikin jama'a kawai, aikin esi tara masu doki ɗaya, ba a yi maganar rufi ba.

Kar kuma ka ce a sa babba don a huta. Esin da ya fi ƙarfin ɗaki yana sanyaya shi da wuri ya tsaya, ya tashi, ya tsaya, bai samu lokacin tsotse danshi ba. Da damina sai ka ji ɗaki da sanyi amma zanin gado kamar an jiƙa, takalma suna fumfuna a cikin kabad. Sannan esin bango ba ya kawo sabuwar iska, ta cikin ɗakin yake juyawa. A gida ba damuwa, ana buɗe ƙofa da taga. A ofis, asibiti ko aji da aka rufe ruf, dole a shigo da iska daga waje, kamar lita 10 a daƙiƙa ga kowane mutum. Inda ba a yi ba, kafin azahar kowa na hamma.

Sai ƙananan abubuwa biyu da ake mantawa. Kan waje yana bukatar iska. Idan aka cusa guda shida a wani lungu suna hura wa juna zafi, ba wanda zai yi sanyi. Kuma kar ya yi nisa da na ciki, domin gas ɗin da yawancinsu suke zuwa da shi na bututu mai kimanin mita 5 ne, abin da ya wuce sai an ƙara. Na biyu, ruwan da esi ke zubarwa ya samu bututunsa a cikin bango tun kafin yaɓe. Baƙaƙen layukan da kake gani a jikin gine-ginen Wuse, wasu har da bokiti a ƙasa, rashin wannan ne.

Idan ginin babba ne za a kawo maka maganar VRF, inda kan waje ɗaya ke ciyar da ɗakuna da yawa, ko cila mai aiki da ruwan sanyi. Suna da kyau a inda suka dace. Tambayata kullum ita ce wa zai gyara, kuma ina za a samu kayan gyaran. Ga gidajen haya na fi son kowa da nasa esin a kan mitarsa, rigima ta ragu. Kar kuma a sayar maka da mai gas ɗin R-22 don arha. Ana kan janye shi a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987. Nemi R-32 ko R-410A.

Wanda ke gini a Jos kar ya kwafi wannan lissafi. Garin yana kan tudu mai kusan mita 1,200, ɗakuna da yawa fanka ta ishe su, kuɗin ya fi amfani a ruwan zafi. A can kuma janareto ba ya ba da cikakken ƙarfinsa saboda iskar ba ta da kauri.

Janareto da gobara

Girman janareto aikin injiniyan lantarki ne, amma daga jerin kayanmu yake lissafi, don esi da injinan ruwa su ne suka fi jan wuta. Kar ka sayi janareto kafin jerin ya fito. Ɗakinsa kuwa namu ne: ta ina iska za ta shiga, ta ina zafin lagireto zai fita, ina salansa zai kalla. Kada ya kalli tagar kowa ko ɗakin maigadi. Hayaƙin janareto yana kashe mutane a cikin barci, kuma mun sha jin labarin iyali guda da aka wayi gari babu su.

Ga bene mai hawa da yawa, otal, makaranta ko kasuwa, hukumar kashe gobara za ta duba zanen. Za a bukaci tiyon kashe wuta a kowane hawa, wani lokaci da ƴan kawunan nan na silin masu jan kwalba, waɗanda ke fashewa su saki ruwa idan zafi ya kai digiri 68. Abin da nake dagewa a kai shi ne ruwan gobara ya zama nasa ne shi kaɗai. Idan tanki ɗaya ne, a ɗaga bakin da ake ɗibar ruwan amfani sama, yadda ko an wanke motoci goma na ƙasan yana nan. Injinsa kuma ya iya tashi ko babu wutar AEDC, kamfanin raba lantarki na Abuja, tunda abu na farko da ake yi idan wuta ta kama shi ne kashe lantarki.

Abin da zai miƙa maka, da abin da zai biyo baya

Kar ka karɓi zane kawai. Karɓi takardar lissafi, ɗaki bayan ɗaki. Karɓi jerin injina da ƙarfin kowanne. Karɓi bayanin irin kayan da za a saya, har kaurin bututu: PPR na ruwan zafi da sanyi, PVC mai kauri na ƙazanta, jan ƙarfe na gas ɗin esi. Ba don ƙawa ba ne. Idan ka tura yaro kasuwar kayan gini ta Dei-Dei da "bututu inci 4" kawai, zai tarar da kala uku a farashi uku, kuma ka san wanda zai ɗauko. Da wannan takarda ce kuma za ka iya gwada farashin ƴan kwangila uku a kan abu ɗaya. Nemi kuma a ɗora zanensa a kan na lantarki da na ƙarfin gini a ga inda suka yi karo. Masu aiki da manhajar zane ta Revit kwamfuta ke nuna musu. Masu manhajar AutoCAD sai su zauna tebur ɗaya su bi layi-layi. Ko ta wace hanya, a yi zaman.

Sa zuwa wurin gini a cikin yarjejeniyarku tun farko, don da yawa suna ɗauka aikinsu ya ƙare da hatimi. Zuwa uku ba a fashinsu. Na farko jajibirin zuba kowane dekin, ya duba guntayen bututun da aka binne. Na biyu kafin yaɓe da tayil: a toshe bakunan bututun ruwa, a tura ruwa da ƙarfin da ya ninka na aiki sau ɗaya da rabi, a zuba wa agogon awon ƙarfin ruwan ido. Idan allura ta sauka, akwai yoyo, kuma yau gyaransa kuɗin gam ne da guntun bututu. Falamba zai ce, "Ranka ya daɗe, aikina ba ya yoyo." Ce masa ka yarda, amma a gwada. Na uku ranar tayar da injina: ya tsaya a ga an zuƙe iskar cikin bututun esi da injin zuƙa kafin a saki gas, a buɗe shawa ta hawan ƙarshe tare da ta ƙasa, a tayar da injin gobara a ga inda ruwa ya kai.

Kafin a rufe bango, ɗauki hoton kowanne da wayarka, da awo a jikinsa, yadda duk wanda zai kafa ƙusa nan gaba ya san inda bututu yake. Idan an gama, injiniya ya gyara zanen ya dace da yadda aka yi aikin a zahiri, tunda ba ginin da ke fitowa daidai da takarda, ya ba ka kwafi biyu, ɗaya naka ɗaya na mai kula da gida. A rubuta wa kowane makullin ruwa sunan inda yake kashewa. Ragowar kuɗin ɗan kwangila kuma, wanda kuka rubuta za a riƙe, kar ka sake shi sai ginin ya ga zafin Maris ya ga ruwan Agusta da mutane a ciki.